Raɗa Wa Ninkin Takarda Suna: Daga Pajarita Ta Sifaniya Zuwa Zangon Bimbilla

A cikin siffofin da ake ninkawa da takarda babu wadda Sifaniyawa suka riƙa a matsayin tasu kamar pajarita. Da falle ɗaya mai gefe huɗu daidai-wa-daida ake yin ta, ba almakashi ba gam. In an gama sai ta tsaya a kan tebur da kanta, ga kai mai tsini, ga fiffike, ga wutsiya. Ma'anar sunan ita ce 'yar tsuntsuwa. Amma da zarar siffar ta ƙetare iyakar Sifaniya sai sunan ya sauya. Faransawa kaza suke gani, suna ce mata cocotte. A Jamus an kira ta hankaka, a Ingila dokin wasan yara, a Japan kuwa kare. Ninkin ɗaya ne, babu layin da ya ƙaru ko ya ragu, amma kowace al'umma ta dube shi ta ga dabbar da ta saba gani. Daga nan tambayar wannan maƙala ta taso: in siffar gargajiya ta shigo wani harshe ba tare da suna ba, ko ta zo da sunan da baki ba ya iya ɗauka, ta wace hanya ake sama mata suna? Za a duba yadda Sifaniyanci ya yi da wannan matsala, sannan a auna ta da halin da malami mai koyarwa da Hausa yake ciki a Bimbilla da garuruwan da ke hulɗa da ita, wato Salaga da Yendi da Bawku, a arewacin Gana.

Sunan fasahar kanta

Kalmar origami da duniya ta sani a yau haɗin kalmomin Japananci biyu ce, oru mai nufin ninkawa da kami mai nufin takarda. Ba ita ce tsohon sunan wannan wasa ba ko a Japan ɗin. Littafi mafi daɗewa da aka sani a kan fasahar, wanda aka buga a 1797 yana koyar da ninka tsuntsayen tsuru masu haɗe da juna, kalmar orikata ya yi amfani da ita. A wancan zamani origami na nufin takardar shaida da ake ninkawa biyu a haɗa da kaya masu daraja irin su takobi, don tabbatar da ingancinsu. Sai daga baya kalmar ta koma kan wasan yara, sannan ta bazu a duniya bayan yaƙin duniya na biyu, musamman ta hannun Akira Yoshizawa (1911 zuwa 2005) da Lillian Oppenheimer, wadda ta kafa cibiyar origami a birnin New York a 1958.

Kafin wannan kalma ta iso Sifaniya, mutanen ƙasar sun riga sun yi nasu yunƙurin har sau biyu. Na farko shi ne na Miguel de Unamuno (1864 zuwa 1936), masanin falsafa kuma shugaban Jami'ar Salamanca, wanda ya shahara da ninka tsuntsayen takarda a duk majalisar da ya zauna. A ƙarshen littafinsa Amor y pedagogía na 1902 ya liƙa wani ɓangare da ya kira cocotología, wato ilmin cocotte, inda ya ɗauko kalmar Faransanci ya ɗaura mata wutsiyar da ake ɗaura wa sunayen fannonin ilmi. Da gangan ya yi, shaguɓe ne ga malaman da ke mayar da kowane ƙaramin abu babban fanni. Masana sun ji daɗin barkwancin, har yau suna ambatonsa, amma babu yaron da ya taɓa cewa zai je ya yi cocotología. Yunƙuri na biyu shi ne papiroflexia, kalmar da ake dangantawa da Vicente Solórzano Sagredo, likita ɗan Sifaniya da ya yi zamansa a Ajantina, mai littafin Papiroflexia zoomórfica na 1962. An gina ta da saiwoyi biyu na tsofaffin harsunan Turai, ɗaya na takarda ɗaya na lanƙwasawa. Ita ma kalmar masana ce, mai nauyi a baki, amma ta samu abin da ta farko ba ta samu ba: ƙungiya ta ɗauke ta. Ƙungiyar masu ninkin takarda ta Sifaniya, wadda aka kafa a 1981, da ita take amsa suna, kuma ta shiga ƙamus da littattafan makaranta. Duk da haka, da ƙungiyar ta zo raɗa wa mujallarta suna, Pajarita ta zaɓa. Gidan adana kayan fasahar da aka buɗe a Zaragoza a 2013 kuma origami ya sa a sunansa. Ke nan kalmomi uku ne suke zaune tare a harshe ɗaya, kowace da muhallinta: ta gida, ta masana, da ta aro.

Ana yawan faɗin cewa Musulman Andalus ne suka kai ninkin takarda Sifaniya. Abin da ya tabbata shi ne sun kai sana'ar yin takardar. Garin Shaɗiba, wanda ake kira Xàtiva a yau, ya yi suna da ita tun ƙarni na 12, har masanin ƙasa Al-Idrisi ya yabi takardarsa. Batun ninkin kuwa, masu binciken tarihin fasahar ba su samu rubutacciyar hujja a kansa ba, don haka bai kamata marubucin Hausa ya ɗauke shi ya kafa hujja da shi ba, komai daɗinsa a kunne.

Yadda siffofi suka samu suna a Sifaniyanci

In aka bar sunan fasahar aka koma kan siffofin ɗaya bayan ɗaya, za a ga ba hanya ɗaya aka bi ba. Akwai waɗanda suka girma a ƙasar, kuma su ba a neme musu suna ba, da shi aka same su. Pajarita ce babbarsu. Ta yi kaka-gida har a birnin Huesca akwai mutum-mutuminta guda biyu suna fuskantar juna a wani lambun shaƙatawa, aikin Ramón Acín na ƙarshen shekarun 1920. Kalmar ta kuma haifi wata ma'ana, domin a Sifaniya ɗan ƙaramin ɗaurin wuyan nan mai kama da malam-buɗe-littafi da ake sawa da kwat shi ma pajarita ake ce masa. Haka barquito, ɗan jirgin ruwa, da molinillo, farfelar da iska ke juyawa.

Akwai kuma siffar nan mai aljihu huɗu da yara ke zura yatsu a ciki suna buɗewa suna rufewa, a rubuta lambobi a waje a ɓoye saƙo a ciki. A Sifaniya comecocos ake ce mata, sunan da ya zo daga yadda take buɗe baki tana haɗiya, kuma da shi aka kira wasan kwamfutar nan na Pac-Man da ya shigo ƙasar. A wasu ƙasashen Latin Amurka sacapiojos ce, wato mai cire ƙwarƙwata, saboda yara kan yi kamar suna tsince wa juna ita a ka. Jamusawa sun kira ta aljanna da wuta. A tsofaffin littattafan Turai kuma gidan gishiri ce, domin in aka kifa ta aljihunanta suna riƙe gishiri a kan tebur. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan sunaye daga abin da hannu yake yi da siffar suka fito, kuma harshe ɗaya ya ɗauki suna fiye da ɗaya ba tare da an yi rigima ba.

Wahalar tana wajen rukuni na uku, siffofin da suka zo daga Japan ko Sin ta cikin littattafai. Wasu an fassara su kai tsaye aka zauna lafiya: tsuru ya zama grulla, domin Sifaniya tana da tsuntsun, yana ratsa ta kowace shekara. Wasu kuma an bar su da sunansu na asali, kamar akwatin da ake kira masu da hular kabuto, a ƙara musu kalmar bayani a gaba. Wasu kuwa an yi musu aro a kan aro. Misali mafi ban dariya shi ne ninkin da ake kawo kusurwoyi huɗu su haɗu a tsakiya. Japanawa suna kiransa ninkin zabuton, wato matashin zama. Masu fasahar a Amurka suka sa masa sunan blintz, wani abincin Yahudawan gabashin Turai. Littattafan Sifaniyanci suka kwashi wannan suna yadda yake, ga mai karatu da bai taɓa ganin abincin ba balle ya ɗanɗana. Sunan ya zauna don littafi ya riga kowa, amma ba ya koya wa ɗalibi komai game da ninkin.

Takarda a hanyar Gwanja

Bimbilla ita ce hedikwatar masarautar Nanumba, tana tsakanin Yendi da Salaga, a kan tsohuwar hanyar da ayarin fatake ke bi daga ƙasar Hausa zuwa kasuwar goro ta Gwanja. Harshen masu gari ɗan'uwan Dagbani ne, akwai kuma Konkomba masu yawa a karkara, Hausa kuwa harshen zango ce da kasuwa. A Bawku, can kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, Hausa ta fi haka ƙarfi, ita ce ke haɗa Kusasi da Mamprusi da Mosi da Bisa wajen ciniki.

Takarda ta daɗe a wannan yanki, amma ba a matsayin abin wasa ta shigo ba. Masu nazarin asalin kalmomi suna ganin kalmar takarda ta shigo Hausa ta bakin Abzinawa, daga tsohuwar saiwar da ta ba Larabci kalmar ƙirɗasi. Ita kanta hajar daga nesa take zuwa. A ƙarni na 19 takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku ce ta cika hannun malamai, tana ratso Sahara ta Tarabulus zuwa Kano, daga nan fatake su yi kudu da ita. Thomas Bowdich, Baturen Ingila da ya je Kumasi a 1817, ya ba da labarin irin tsadar layu a fadar Asante da yadda falle guda na takarda kan ciyar da ƙaramin malami tsawon wata. Abin da ya kai wannan daraja ba a miƙa wa yaro ya yi jirgi da shi. Yaro allo yake da shi, a rubuta a wanke. Takarda ta littafi ce da wasiƙa da laya. Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano a wajen 1858, wanda ya koma Karaki bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya rasu a can a 1934, cikin ayyukansa har da littafi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa.

Saboda haka ninkin takarda na gargajiya a wannan yanki ninkin malamai ne. Malami ya rubuta addu'a ko hatimi, ya ninke takardar ƙanana-ƙanana har ta koma ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu ko uku, a naɗe ta da zare, baduku ya ɗinke ta cikin fata. Rigunan yaƙi na batakari da ake gani a fadojin Dagbon da Nanumba da Asante, waɗanda aka jera wa layu gaba da baya, kowace laya a jikinsu ninkakkiyar takarda ce. Turai ma ta san irin wannan: a ƙasashen Jamus, a ƙarni na 17 da na 18, ubangidan jariri kan ba shi takardar baftisma a ninke, kusurwoyi a tsakiya, ninki a kan ninki. Manufar irin wannan ninki ɓoye abin da ke ciki ne da kiyaye shi, ba a nufin ya yi kama da wata dabba, don haka bai haifar da sunayen siffofi ba. Abin da ya bari shi ne kalmomin aikin, da kuma ladabin da har yau yake raye a zango: takardar da ke ɗauke da rubutun Larabci ba a taka ta, ba a yin wasa da ita.

Ninkin wasa da makarantar boko ya zo. Friedrich Froebel (1782 zuwa 1852), wanda ya ƙirƙiro makarantar rainon yara a Jamus, shi ya sa ninkin takarda cikin darussan ƙananan yara, almajiransa kuma suka kasa shi uku: siffofin rayuwa, siffofin ado, da siffofin ilmin lissafi. Tsarin nasa ya shiga makarantun horon malamai na Turai da na mishan, har Japan ɗin ma ya kai. A Bimbilla akwai kwalejin horon malamai ta cocin E.P., kuma ɗalibanta suna fita su koyar a azuzuwan da yara ke magana da harsuna uku ko huɗu. Sai dai Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnatin Gana ke wallafa littattafan makaranta da su, ko da yake gidan rediyon ƙasar yana watsa shirye-shirye da ita. Dagbani da Gwanja suna ciki. Ma'anar wannan ita ce babu wata hukuma da za ta zauna ta tsayar da kalmomin Hausa na wannan darasi. Malamin aji da malamin Islamiyya da mai shirin yara a rediyo su ne hukumar.

Ninki ko naɗi

Hausa tana da kalmomi da yawa a wannan fage, kuma ba ɗaya suke ba. Naɗi na abin da ake zagayawa ne: rawani, tabarma, zare a jikin laya. Lanƙwasa da tanƙwara na abin da ke da tauri ne, kamar ƙarfe ko reshe. Kalmasa ta bakin tufa ce, aikin tela. Ƙunsa kuma sai da abu a ciki. Ninki shi ne a ɗora sashen abu a kan sashensa a danne, kamar yadda ake yi wa zane in an ɗauko daga shanya, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake yi wa takardar. Kalmar tana da wata riba, domin ita ce ake amfani da ita a lissafi, ninki biyu, ninki huɗu. Yaron da ya ninke falle sau uku ya buɗe ya ƙirga gida takwas ya ga ma'anonin biyu a tafin hannunsa. Don haka ninkin takarda ya fi naɗin takarda dacewa, duk da cewa na biyun ya fi saurin zuwa bakin masu fassara. Ita kuma origami ba a bukatar korarta. Tsarin gaɓoɓinta bai saɓa wa na Hausa ba, kuma da ita ɗalibi zai nemi hotuna a intanet. A bar ta a matsayin sunan fannin a duniya, ninkin takarda ya zama sunan aikin a aji. Abin da ba a bukata shi ne ƙirƙiro doguwar kalmar masana irin papiroflexia, tunda babu ƙungiya ko ƙamus da zai goya ta.

Alamomin da Yoshizawa ya tsara, waɗanda Samuel Randlett da Robert Harbin suka faɗaɗa, sun tsaya a kan ninki iri biyu, na kwari da na dutse. Na farko shi ne wanda in an buɗe takardar layin ya lotsa ciki, na biyu kuma layin ya taso. Sifaniyanci ya fassara su yadda suke. A Hausa kwari yana da abokin tafiyarsa tun asali, wato tudu, kuma tudu da kwari sun fi dutse da kwari zama a kunne. Ninkin kwari da ninkin tudu sun wadatar. Shi kuwa ninkin kusurwoyi huɗu zuwa tsakiya, ba sai an nemo abincin wata nahiya ba. Duk wanda ya ga an ɗora kwanon tuwo a tsakiyar ɗankwali an tattaro bakin huɗun an ɗaure ya san shi. Ana iya ce masa ninkin ƙunshi, ko ninkin ambulan in ana gudun kada 'yan mata su ɗauka lalle ake nufi.

Siffofin ɗaya bayan ɗaya

Biyu daga cikinsu ba su jiran kowa. Yara a ko'ina suna yage fallen tsakiyar littafin rubutu su yi jirgi, na sama ko na ruwa, kuma ba mamaki da waɗannan biyun suka fi yaɗuwa, domin su ne ake yi da takarda mai tsawo irin ta littafin makaranta ba sai an yanke ta ta zama murabba'i ba. Matsalarsu ɗaya ce, kalmar jirgi ta haɗa na sama da na ruwa. Na ruwan ya fi kyau a ce masa kwalekwale, abin da ɗan yankin ya sani a kogin Oti da Daka da mashigar Makango zuwa Yeji, jirgin takarda kuma a bar wa mai tashi. Farfela ma tana da sunanta. Haka mazurarin takarda da mai gyaɗa ke murɗawa ta zuba wa mai saye, wanda shi ma ninki ne na gargajiya ko da babu littafin da ya lissafa shi.

Kabuto hular yaƙi ce ta mayaƙan Japan, kuma Hausa tana da takwararta daidai, kwalkwali, wanda barade masu lifidi ke sawa. Nan fassara ta yi daidai da asali. Shi kuwa akwatin da ake kira masu, na awon shinkafa ne na katako, don haka mudu ne a ma'ana, sai dai mudu zagayayye ne shi kuwa mai kusurwa huɗu. A kasuwannin Gana kuma olonka ake ji. Tunda yaro ba awo zai yi da shi ba, ɗan akwati ya ishe shi, a ajiye labarin mudun don bayani. Yakko-san baran samurai ne mai riga mai faɗin hannu. Wanda ya dube shi a Yendi ba zai ga bara ba, zai ga mutum cikin batakari ya buɗe hannuwa, kuma mai batakari suna ne da ba ya bukatar ƙarin bayani daga Bawku har Kumasi.

Tsuru ne ya fi bukatar tsayawa. A ilmin tsuntsaye danginsa a ƙasar Hausa shi ne gauraka. Amma gauraka da tukkun kansa ake gane shi, siffar takardar kuwa ba ta da tukku: dogon wuya ne da dogon baki da fukafukai a buɗe. Ido zai fi kai ta wajen zalɓe ko balbela ko shamuwa. Ta fuskar ma'ana kuma, tsuru a Japan alamar tsawon rai ne da fatan alheri, kuma tun bayan rasuwar yarinyar nan ta Hiroshima, Sadako Sasaki, a 1955, ya zama alamar zaman lafiya a duniya. Tsuntsun da Bahaushe ke yi wa kallon bushara shi ne shamuwa, mai zuwa gab da damina, mai sheƙa a bishiyar tsakar gari ba a taɓa ta. In aka bi ilmin halitta gauraka ne, in aka bi ido da zuciya shamuwa ce. Tarihin pajarita ya nuna wanda ke yin nasara a irin wannan takara, tunda ba a taɓa samun wanda ya hana Japanawa ganin kare a jikinta ba. Shawarar wannan maƙala ita ce shamuwa a aji, tare da gaya wa ɗalibai cewa sunanta a Japan tsuru, kuma ɗan'uwan gauraka ne.

Akwai sunaye biyu da fassararsu za ta jawo matsala. Siffar nan mai aljihu huɗu, a littattafan Ingilishi da malaman Gana ke amfani da su, sunanta na nufin mai faɗin abin da zai faru. In aka mayar da shi Hausa ya zama ɗan duba, kuma babu mahaifin da ke zango da zai ji daɗi ɗansa ya dawo gida ya ce yau malam ya koya musu duba. Suna linzami ne. Gara a bi hanyar comecocos a duba abin da siffar ke yi: baki huɗu, ko buɗe-rufe. Ta biyu ita ce ƙwallon da ake hurawa ta kumbura, wadda Turawan Ingila da Sifaniyawa ke kira bam na ruwa don yara kan cika ta da ruwa su yi jifa. Japanawa balan-balan suke ce mata. Yankin Bimbilla ya ga yaƙin 1994, Bawku kuma ta sha dokar hana fita, don haka malami ba shi da dalilin shigo da kalmar bam cikin aji alhali balan-balan tana nan kuma ta fi bayyana siffar.

Saura pajarita kanta. Fassararta kai tsaye 'yar tsuntsuwa ce, kuma a Kano ko Katsina hakan zai zauna daram, har da tamatar da ke cikin kalmar asali. A nan ne Hausar Gana ta bambanta. Ɗaya daga cikin siffofinta da masana harshe suka daɗe da lura da su shi ne ba ta rarrabe jinsin namiji da tamata a nahawu yadda Hausar Kano ke yi, kuma a bakin masu yawa baƙaƙe masu ƙugiya sun koma na fili. Yaron Salaga zai fi cewa ɗan tsuntsu. Bai kamata a ɗauki wannan kuskure ba, kamar yadda ba a ce ɗan Meziko ya yi kuskure don bai ce comecocos ba. Littafin da za a rubuta don yankin yana iya kawo duka biyun. Yana yiwuwa ma yaran su ƙi ganin tsuntsu sam, su ce kaza ce ko agwagwa.

Wannan ya kawo batun tsarin aiki. Matakin farko tattarawa ne, kafin a ƙirƙiri komai. A ninka siffar a ajiye a gaban yara a Bimbilla da Salaga da Yendi da Bawku ba tare da an faɗi suna ba, a rubuta abin da suka kira ta da Hausa da Dagbani da Likpakpaln na Konkomba da Gwanja da Kusaal na Kusasi, a tambayi dukawa da teloli da malaman zaure kalmomin da suke amfani da su wajen aikinsu. Inda aka samu suna a bakin yara, shi ke gaba. Inda babu, a nemi abin gida mai kama da siffar ko mai aikinta. Aro ya zo a ƙarshe, kuma a rubuta shi yadda bakin Bahaushe zai furta. Kowane suna a ajiye shi tare da zanen siffar da sunanta na Japananci, domin ɗalibin da ya ci gaba ya iya gano ta a littattafan waje. Sunayen da aka kawo a sama shawarwari ne da za a gwada a wannan mataki. Hausa ta riga ta ba Gana waakye da koose da tuo zaafi da chichinga ba tare da wani kwamiti ya zauna ba, sunayen sun bi kayan ne daga zango zuwa kasuwa. Inda za a gwada na ninkin takarda shi ne filin makaranta lokacin tara, a ji wanne yaro ke faɗi in yana roƙon abokinsa ya ninka masa.